Shinkafar daji a yankin Mora da Waza: inda take fitowa da waɗanda suka tattara ta

Shinkafar daji 'yar'uwar shinkafar gona ce da ke fitowa da kanta a tafkuna da fadamu, ba shuka, ba noma. A arewacin Kamaru, musamman a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar laka da ta tashi daga gindin duwatsun Mandara a Mora ta miƙe har gaɓar kogin Logon, iri biyu ne suka fi yawa. Masana tsirrai suna kiran ɗaya Oryza barthii, ɗayar kuma Oryza longistaminata. Da Faransanci duka biyun riz sauvage ne. A wasu sassan ƙasar Hausa ana ce mata shinkafar gyado, Fulanin Diyamare kuwa suna kiran ta biyun naɗɗere. Ta farkon ita ce uwar jar shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, wadda har yau ake nomawa a fadamun Sakkwato da Kabi da bakin kogin Neja. Ta biyun kuma ita ce ɗaya daga cikin manyan ciyayin da shanun Fulani da na Larabawan Shuwa ke dogara da su da rani, kuma daga jikinta ne masu bincike a Asiya da Amurka suka samo halayen da suka shigar cikin shinkafar zamani.

Yadda ake bambanta su

Daga nesa ba a rarrabe su da shinkafar gona, ballantana a rarrabe su da juna. Sai an tuge tushe an duba.

Oryza barthii ta damina ɗaya ce. Ƙwayarta ke kwana a cikin busasshiyar laka duk tsawon rani, ta tsiro da ruwan farko, ta yi zangarniya, ta zubar da iri, ta mutu. Tsawonta kan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kowace ƙwaya tana da dogon gashi mai kaushi a bakinta, wanda kan haura santimita 10, kuma kafin ya bushe yakan yi ja-ja, shi ya sa idan iska ta kaɗa tafkin da ta cika sai a ga kamar an shafa masa jan launi. Ƙwayar doguwa ce, fatarta ja. Babban halinta shi ne zubewa: da ta nuna, taɓawa kaɗan ko iska mai ɗan ƙarfi ta isa ta kakkaɓe ta.

Oryza longistaminata kuwa ba ta mutuwa da rani. Tana da farar saiwa mai gaɓa-gaɓa da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa kamar ta tofa, ko an ƙone samanta ko shanu sun cinye, daga nan za ta sake toho. Tana iya wuce mita 2 a ruwa mai zurfi. Tana yin fure da yawa amma ƙwaya kaɗan, domin galibi furen tushe ɗaya ba ya ɗaukar garin furen kansa, sai na wani tushen da iska ta kawo. Tafki guda kuwa yana iya kasancewa duk yaɗon tushe ɗaya ne.

Alamar da masana suka fi dogara da ita ƙarama ce. A daidai inda ganye ya rabu da kara akwai wata 'yar fata siririya kamar harshe, ligule da Faransanci. A jikin barthii gajera ce, 'yan milimita kaɗan, bakinta a daƙushe. A jikin longistaminata doguwa ce mai tsini, daga santimita ɗaya da rabi har fiye da 4, sau da yawa a tsage. Wanda ya san wannan yana iya faɗin wacce ce ko da babu zangarniya. Jar shinkafar Afirka ma gajeren harshe gare ta, irin na uwarta, shinkafar Asiya kuwa, wadda ita ce ta cika kasuwanni yanzu, dogo gare ta.

Inda take fitowa

Garin Mora, hedkwatar gundumar Mayo-Sava a yankin Arewa Mai Nisa, yana kimanin kilomita 60 arewa da Marwa, a gindin dutse. Kan duwatsun da jigawar da ke kewaye da su ƙasar dawa ce da gero da gyaɗa, ruwa ba ya kwanciya, don haka ba wurin shinkafar daji ba ne. Ana fara cin karo da ita ne idan aka gangara arewa da gabas, inda ƙoramun da ke saukowa daga Mandara suke rage gudu su baje a fili. Waɗannan ƙoramu, da ake kira mayo da Fulatanci, ba su da ruwa sai da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kuma yawancinsu ba sa kaiwa wani babban kogi.

Abin da ke tare su shi ne wani dogon tudun yashi da ya taso daga Limani a kan iyakar Najeriya ya bi kudu maso gabas har Yagwa. Tsohuwar gaɓar tafkin Chadi ce ta dubban shekarun da suka wuce, lokacin da tafkin ya ninka na yanzu sau da yawa. Shi ne dai tudun da ya zarce cikin Borno ta Bama. A ɓangarorinsa biyu ruwa kan taru ya yi kududdufai da tafkunan damina a kan baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda Fulani ke kira karal, Barebari kuma firgi. Irin waɗannan tafkuna marasa zurfi, da ke cika da ruwan sama su ƙafe kafin sanyi ya yi nisa, su ne gidan barthii. Ba ta son wurin da ruwa ke daɗewa, domin a can ciyayi masu saiwa za su danne ta.

Bayan tudun kuma sai babbar fadamar da ake kira yaéré, daga kalmar Fulatanci yaayre. Ruwanta biyu ne. Na sama shi ke fara jiƙa lakar ya toshe tsagoginta, sannan daga Satumba kogin Logon ya cika ya tumbatsa, ruwan ya malalo a hankali ya nufi arewa da yamma, ya kwanta wata uku zuwa huɗu. A nan longistaminata ke mulki tare da abokan zamanta, kuma kowace ciyawa da gwargwadon zurfin da take so: burgu a ƙwarin da ya fi zurfi, shinkafar daji da Echinochloa pyramidalis a tsaka-tsaki, jema a inda ruwan bai cika yawa ba. Bambancin tudu da kwari na taƙi ɗaya ya isa ya sauya ciyawar wuri. Gabashin gandun dajin Waza, mai faɗin hekta 170,000, yana cikin wannan fadama, haka ma ƙasar Zina da Logon-Birni. Daga Mora zuwa garin Waza kimanin kilomita 60 ne a kan hanyar Kuseri.

A kudu, kwarin Binuwai a kewayen Garwa da Pitowa da bakin Mayo Kebbi shi ma yana da fadamun da ta samu wurin zama, duk da cewa madatsar Lagdo, da aka kammala a 1982, ta sauya lokaci da yawan ambaliyar da ke shayar da su. Tsiron dai bai san iyakar ƙasa ba. Yana nan a Bagarmi da tafkin Fitri a Chadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da bakin Komadugu a Diffa, da Gaya da Tillaberi, har cikin fadamar kogin Neja ta ƙasar Mali da kwarin kogin Senegal. Longistaminata ma ta zarce har gabashi da kudancin Afirka da tsibirin Madagaska.

Daga Barth zuwa Chevalier

Baturen farko da ya shiga Mora shi ne sojan Ingila Dixon Denham, a Afrilun 1823, tare da rundunar Borno. Shi ba ruwansa da ganye. Abokin tafiyarsa Dakta Walter Oudney ne mai tattara tsirrai, shi kuwa bai je Mandara ba, ya rasu a Janairun 1824 kusa da Katagum a kan hanyarsa ta zuwa Kano.

Wanda sunansa ya manne wa shinkafar shi ne Bajamushe Heinrich Barth, da aka sani da Abdul Karim a Borno da ƙasar Hausa. A watan Yunin 1851 ya ƙetare Binuwai a mahaɗarsa da kogin Faro, yamma da Garwa, a kan hanyarsa ta zuwa Yola. A ƙarshen Nuwambar shekarar ya sake fita daga Kukawa tare da rundunar Shehu Umar da waziri Alhaji Bashir, wadda aka ce Mandara ta nufa. Da sarkin Mandara ya aiko da caffa, sai rundunar ta karkata ƙasar Musgum, tafiyar ta koma harin kamun bayi, kuma Barth ya rubuta irin ta'asar da ya gani da idonsa. A wannan hanya ce, a dajin da ke arewa maso gabas da duwatsun, ya ga shinkafa ta fito ba tare da an shuka ba. Ya ce Larabawan Shuwa ne ke ɗibarta, amma giwaye kan riga su zaɓe mai kyawun. Da ya je Bagarmi a 1852 ya sake tarar da ita, inda ake tattara ta da yawa daga fadamun daji bayan damina. Barth ba masanin tsirrai ba ne. Abin da ya bari bayani ne a rubuce, ba tushe a takarda ba.

Wanda aka turo ya taimaka masa, Eduard Vogel, shi ya san taurari da tsirrai. Ya iso Kukawa a farkon 1854, ya bi wani harin zuwa ƙasar Musgum, daga baya ya shiga Mora, inda sarki ya tsare shi na wani lokaci saboda zargi. An kashe shi a Wadai a 1856, kuma yawancin takardunsa na ƙarshe sun salwanta.

Sai bayan rabin ƙarni aka samu wanda ya matse tsiron a takarda ya ba shi suna. Bafaranshe Auguste Chevalier (1873–1956) ya jagoranci ayarin binciken Shari da tafkin Chadi daga 1902 zuwa 1904, ya ɗebo shinkafar daji a Bagarmi, a 1910 kuma ya raɗa mata Oryza barthii don tunawa da Barth. Samfurin da aka ɗora sunan a kansa yana gidan tarihin halittu na Paris. A 1914 shi da Olivier Roehrich suka ƙara wasu sunaye, ciki har da longistaminata, wato mai dogon zaren fure, da breviligulata, wato mai gajeren harshe.

Daga nan rikici ya shiga. Kusan shekara 50 littattafai suna kiran mai saiwar nan barthii, ta damina ɗaya kuma breviligulata. A 1968 W. D. Clayton na lambun Kew a Ingila ya nuna cewa samfurin Chevalier na asali ta damina ɗaya ce, saboda haka ita ce mai sunan barthii, mai saiwa kuma longistaminata. Masu bincike na Faransa sun ci gaba da rubuta breviligulata shekaru da dama bayan haka. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga ɗalibin Jami'ar Marwa ko ta Maiduguri da zai buɗe tsohon rahoto: idan ya ga barthii a rubutun da aka yi kafin 1968, akwai yiwuwar mai saiwa ake nufi. Wanda bai lura ba sai ya zana taswirar wannan da bayanan waccan.

Yawunde da Garwa

A zamanin Jamus, Carl Ledermann ya ratsa Kamaru a 1908 da 1909 daga kudu har ƙasar Adamawa da Garwa, ya tara dubban tsirrai, shi ya sa ake samun itatuwa da ciyayi da yawa masu sunan ledermannii. An kai tarin nasa Berlin, kuma a daren 1 ga Maris 1943 bama-baman yaƙin duniya na biyu suka ƙone mafi yawan taskar busassun tsirrai ta birnin. Abin da ya tsira galibi kwafin da aka riga aka aika wasu ƙasashe ne. Mora kanta a ƙarshen mulkin Jamus fagen yaƙi ce: sojojin Kyaftin Ernst von Raben sun maƙale a kan dutsen garin daga Agustan 1914 har Fabrairun 1916.

Aikin da ake dogara da shi yau ya faro ne daga René Letouzey (1918–1989), ma'aikacin gandun daji ɗan Faransa wanda ya kafa taskar da ta zama Herbier National du Cameroun a Yawunde a 1948. Ya yi shekaru yana taka ƙasar da ƙafa, ya wallafa nazarin tsirran Kamaru a 1968, sannan taswirar ciyayi da dazuzzukan ƙasar baki ɗaya a 1985, wadda ta ware yaéré a matsayin yanki mai zaman kansa. A Garwa kuma aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan namun daji, École de Faune, a 1970. Tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, tana da taskarta ta busassun tsirrai, kuma Waza na cikin wuraren da malamai da ɗalibanta suka riƙa zuwa aikin daji. A 1992 masanin Holan A. P. M. van der Zon ya fitar da littafin Graminées du Cameroun, wanda ya tattara ciyayin ƙasar da wuraren da aka ɗebo su.

Yadda ake yin samfurin ba wani abin wuya ba ne. A tuge tsiron da saiwarsa da zangarniyarsa, a wanke laka, a naɗe shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako, a riƙa sauya takarda har ya bushe. Darajarsa tana cikin 'yar takardar da ake liƙa masa: sunan wanda ya ɗebo, da lamba, da rana, da wuri, da irin ƙasa da zurfin ruwa. Akan yi kwafi uku ko huɗu a raba tsakanin Yawunde, Paris, Kew da Wageningen ta Holan, wadda tarinta ya koma Leiden. Da yawa daga cikin waɗannan bayanai yanzu suna intanet a rumbun GBIF, kowa na iya rubuta sunan tsiron ya ga ɗigon wuraren.

Sai dai a karanta ɗigon da hankali. Shinkafar daji tana yin zangarniya ne daga Satumba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da baƙar laka ke riƙe mota kamar danƙo, fadama kuma sai da kwalekwale. Lokacin da hanya ta buɗe, barthii ta zubar da iri ta bushe, longistaminata kuma ko an ƙone ta ko shanu sun aske ta. Don haka masu tattarawa suka fi tsayawa inda ƙafa ke kaiwa: bakin babbar hanya, cikin gandun daji, kusa da tashar bincike ko gonar gwamnati. Taswirar samfura ta fi nuna inda masana suka bi fiye da inda tsiron yake. Makiyayin da ke shiga yaéré kowane Disamba ya san tafkunan da ba su taɓa shiga kowane littafi ba.

Tun daga shekarun 1960 aka samu wasu masu tattarawa na dabam, waɗanda iri mai rai suke nema, ba busasshen ganye ba. Masanan Japan sun zagaya Afirka ta Yamma, daga baya a shekarun 1970 ayarin cibiyoyin Faransa na ORSTOM da IRAT suka bi fadamu daga Senegal har kwarin tafkin Chadi, da Kamaru a ciki. Irin da aka tara yana ajiye cikin sanyi a cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, a Los Baños ta Filifin, da cibiyar AfricaRice a Kwaddibuwa, da Montpellier a Faransa, da Mishima a Japan. Barthii tana da sauƙin ajiya tunda tana yin iri da yawa. Longistaminata kuwa tana wahalar da masu rumbu, saboda ƙarancin ƙwayarta.

Abinci ga wani, annoba ga wani

Mutanen kwarin Chadi sun ci shinkafar daji tun kafin su san gero. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, masu binciken tarihi na jami'o'in Frankfurt da Maiduguri sun gano zanen ƙaiƙayinta a jikin fasassun tukwane na mutanen da suka zauna a wurin tun wajen shekara ta 1800 kafin Miladiyya, kuma sai daga baya geron gida ya bayyana a tukwanensu. A Kursakata, kusa da Ngala, an sami ƙonannun ƙwayoyinta. Amma ba a nan aka mayar da ita amfanin gona ba. Masanin Faransa Roland Portères ya daɗe da cewa a fadamar kogin Neja ta Mali aka yi hakan, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, kuma nazarin ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2018 ya goyi bayansa. Abin da manoman farko suka yi shi ne zaɓen tushen da ba ya zubar da ƙwaya, suna sake shuka shi shekara bayan shekara.

Saboda zubewar nan, ba a yanke ta da lauje kamar ta gona. Hanyar da aka fi sani ita ce a riƙe kwando a riƙa kaɗa shi ta cikin zangarniya, nunannun ƙwayoyi su faɗa ciki, a dawo bayan kwana biyu ko uku a sake. Wasu kan ɗaɗɗaure kawunan tun suna ɗanye don kada su watse. Daga nan sai shanya da sussuka da surfe, kuma gashin nan yana sa ƙaiƙayi ƙwarai. A Chadi da Borno ana haɗa ta cikin hatsin daji da ake kira kreb, tare da dangin sabe da guɗe-guɗe da burburwa. A shekarun yunwa irin wannan hatsi ya riƙe gidaje da dama. Yanzu ɗibarta ya ja baya ƙwarai, tun da shinkafar inji ta wadata.

Ga makiyayi, mai saiwar ita ce dukiya. Bayan ruwa ya janye aka sa wuta, toho ɗanye kan fito daga saiwar a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe. Wannan toho ne ke jawo garkunan Diyamare da na Borno da na Nijar zuwa yaéré, shi ne kuma abincin mariya da sauran namun Waza. Karanta na shiga jinka.

Manomi kuwa ba ya son ganinta. A gonakin masakwa, dawar rani da ake dasawa a karal bayan ruwa ya janye, wadda Fulani ke kira muskuwaari, naɗɗere tana cikin ciyayin da suka fi wahalar sharewa, domin sara ba ya kashe saiwarta, tana kuma tsotse danshin da dawar za ta rayu da shi. Ita ce ɗaya daga cikin dalilan da suka sa maganin feshi na glyphosate ya bazu a karal. A gonakin shinkafa na ban ruwa ma haka: barthii tana kama da shuka har sai ta yi kai, ta riga girbi zubewa, ta bar iri a ƙasa don baɗi, wadda ta shiga buhu kuma ta ɓata farar shinkafa da jan ƙwaya ta karya mata farashi. Longistaminata kuma tana zama mafakar cutar da ke mayar da ganyen shinkafa rawaya da ƙwaron da ke sa ganyen ya murɗe kamar na albasa, su kwana a jikinta da rani su koma gona da damina.

Abin da madatsar Maga ta yi

Shinkafar gona ce ta kusa korar ta daji daga wani babban sashe na gidanta. A 1979 kamfanin gwamnati na SEMRY, mai noman shinkafa a Yagwa, ya gina madatsar ƙasa mai tsawon kilomita 27 tsakanin Girbidik da Pus don samar da tafkin Maga, aka kuma yi shinge a gaɓar Logon. Wannan ya zo daidai da farin shekarun 1970 da 1980. Ambaliya ta daina kaiwa kimanin murabba'in kilomita 1,500 na fadamar, har da wani ɓangare na Waza. Ciyayi masu saiwa suka mutu, dawar daji ta damina ɗaya, Sorghum arundinaceum, ta maye gurbinsu, ita kuwa da ta bushe ba ta sake toho. Kifi ya ragu, mariya ta ragu, makiyaya suka nemi wasu wuraren.

A 1994, a ƙarƙashin shirin Waza-Logone da ƙungiyar IUCN ta tallafa, aka fasa shingen da ya toshe wani reshen ruwa mai suna Petit Goroma, ruwa ya sake komawa wani yanki. Masanin Holan Paul Scholte da abokan aikinsa na Kamaru suka bi filayen gwaji suna aunawa shekara-shekara. Cikin 'yan shekaru, faɗin da ciyayi masu saiwa suka rufe a inda ruwa ya dawo ya tashi daga kashi 41 zuwa 61 cikin 100, kuma longistaminata da Echinochloa pyramidalis ne a gaba, saboda saiwarsu na rarrafe tana cin fili. Jema ce ta yi nawar dawowa. A 2006 aka sanya fadamar Waza-Logon cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Inda halayenta suka kai

Wani tushen longistaminata da aka ɗebo a Mali ya nuna ba ya kamuwa da cutar ƙonewar ganye da ke lalata shinkafa a Asiya. A IRRI, Gurdev Khush da abokan aikinsa suka yi shekaru suna aurar da shi da shinkafar gona har halin ya zauna, aka sa masa suna Xa21. A 1995 ɗakin binciken Pamela Ronald a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya ware ainihin ƙwayar halittar, jami'ar ta yi mata rajistar mallaka, a 1996 kuma aka buɗe wani asusu da nufin a mayar da wani abu ga ƙasashen da irin ya fito. Lamarin ya zama misalin da ake yawan kawowa a muhawarar wa ke da haƙƙin tsiron daji. A Chaina kuma, auren da aka haɗa a 1996 tsakanin wata shinkafar Thailand da longistaminata ta Afirka ta Yamma ya haifar da PR23, shinkafar da aka ba manoman lardin Yunnan a 2018, wadda ake shukawa sau ɗaya a girbe ta har sau 8 cikin shekara 4. Saiwar da manomin masakwa ke yaƙa da feshi ita ce aka je nema.

Dokar ɗiba ta sauya tun daga zamanin Chevalier. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa sai da izinin ƙasa, da kuma rabon amfani, kafin a fitar da irin wannan arziki, Kamaru kuma ta yi dokarta a kan haka a Yulin 2021. Amma abin da ya fi hana sabon tattarawa a yankin Mora ba takarda ba ce. Tun sace wasu 'yan Faransa a kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 da harin da aka kai wa ma'aikatan hanya 'yan Chaina a Waza a Mayun 2014, yankin da ke tsakanin Kolofata, Limani da Waza ya zama fagen yaƙi da Boko Haram, kuma a Mora ne hedkwatar sashe na ɗaya na rundunar haɗin gwiwar ƙasashen tafkin Chadi take. A 2021 rikicin ruwa tsakanin masunta da makiyaya a Logon-Birni ya ƙara raba dubban mutane da gidajensu. Yawancin abin da ke cikin taskoki daga wannan yanki an tara shi ne kafin duk wannan, wani ma tun kafin a gina Maga, alhali a tsawon lokacin gonakin masakwa da feshi sun ci gaba da shiga tafkunan damina da barthii ke fitowa a cikinsu.